Sarauniya Mangu da Shibo ta Shikal: da me ake tunawa da mace a Nijar?

Ranar 15 ga Oktoban 2024 hukumomin birnin Yamai suka sauya sunayen wasu wurare da aka gada daga zamanin mulkin mallaka. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma na ƙawancen AES, aka kuma cire hoton kumandan Monteil da ke jikin wani dutsen tunawa, aka sa na Thomas Sankara. Mutanen da aka ɗaukaka a ranar duk maza ne, kuma haka abin yake tun da can. Mai saukowa Yamai a filin jirgin Diori Hamani yake sauka, ya kalli ƙwallo a filin wasa na Seyni Kountché, ya kai ɗansa jami'ar Abdou Moumouni, ya zaga gidan tarihi na Boubou Hama. Hatta babban gidan haihuwa na birnin, inda mata ne kaɗai ke kwanciya, sunan namiji gare shi: Issaka Gazoby.

Idan aka ce a ambaci macen da ta cancanci a gina mata abin tunawa a ƙasar nan, sunan da ke fara fitowa bakin kowa shi ne Sarauniya Mangu ta Lugu. Mutanen Kurfai kuwa suna da tasu, wadda littattafan lakwal ba su cika ambata ba: Shibo ta ƙauyen Shikal, kusa da Filinge. Labarin matan biyu ya isa ya nuna abin da ke da sauƙi da abin da ke da wuya a wannan magana.

Mangu ta Lugu

Lugu ƙauye ne a ƙaramar hukumar Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Dosso, wato cikin ƙasar Arewa, maƙwabciyar Kurfai. "Sarauniya" a can sarauta ce ta addinin gargajiya na Azna, kuma mata da yawa sun riƙe ta bi da bi. Mangu ɗaya ce daga cikinsu. Tarihin baka na Lugu ya ce wadda ta fara, Ƴar Ƙasa, daga Daura ta taso, dutsen Tunguma ne ya nuna mata inda za ta zauna. Wannan dutse har yau yana nan kusa da ƙauyen, kuma an daɗe ana kai masa ƙara don ya raba gardama. Idan Sarauniya ta rasu, da tarkama ake neman magajiyarta: a ɗauki gawar, a bi inda ta ja masu ɗaukarta, matar da ta nufa ita ce sabuwar Sarauniya.

A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine ta taso daga bakin kogin Isa ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane a hanya. Sarakuna da dama sun ga babu riba a tsaya mata. Lugu ta tsaya. An gwabza ranar 16 ga Afrilun 1899. Maharban Azna suka ja da baya zuwa cikin kurmi mai duhu suka ci gaba da harbi daga can. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an jikkata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000, asarar da ba su saba yi ba a wannan tafiya. Sun cinna wa ƙauyen wuta, amma ba su kama Mangu ba. A watan Mayu suka yi kisan gillar Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori kusa da Tasawa. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu na Afirka suka juya musu baki suka kashe Chanoine da Voulet. Mutanen Arewa sun ɗora wannan ƙarshe a kan asirin Sarauniya.

Kaburburan mutanen biyu suna Mai Jirgi, a kan hanyar Maradi zuwa Damagaram, kuma an san inda suke. Wato waɗanda suka yi ta'asar sun riga wadda ta tsaya musu samun alama a ƙasa.

Takardun Faransa ba su ce komai mai yawa a kanta ba. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ambace ta a taƙaice cikin littafin da ya fitar a 1930, a matsayin tsohuwar matsafiya. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, da littafinsa "Sarraounia" na 1980. Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986. A Nijar aka so ɗaukar fim ɗin, lokacin mulkin Seyni Kountché, amma hakan bai yiwu ba, sai aka koma Burkina Faso ta Sankara. A 1987 ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, kyautar da ita ma ke ɗauke da sunan mace, Yennenga, gimbiyar da Mosawa ke ɗauka uwar daularsu. Daga nan sunan ya bazu: gidan rediyo da talabijin na Saraounia a Yamai, makarantu, shaguna, waƙoƙi da raye-rayen matasa. Bayan 26 ga Yulin 2023 hukumomin soja suka ƙirƙiro lambar yabo ta ƴancin ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu. Mai son tarihin Filinge zai lura cewa shugabannin biyu da labarin ya ratsa ta zamaninsu duk ƴan gundumar ne: Kountché ɗan Fandu, Janar Abdourahamane Tiani ɗan Tukunus.

Sai dai Sarauniyar littafi da ta Lugu ba ɗaya ba ce. Mamani marubucin labari ne, ya zana budurwa jaruma da ta koyi harbi tun tana ƙarama, tana gaban mayaƙa. Dattawan Lugu, da masu bincike irin su Boubé Namaïwa da Elara Bertho, suna nuna wata daban: mace mai zaman ɗaki, mai kaɗin auduga, wadda ƙarfinta yake wajen tsafi da roƙon ruwa da kare ƙasa, ba wajen takobi ba. Duk mai niyyar sassaƙa ta dole ya zaɓi ɗaya, kuma ba a da hoton Mangu. Fuskar da yawancinmu ke gani idan an ambace ta ita ce ta Aï Keïta, wadda ta fito a fim ɗin.

Shibo da ƴan Babule

Kurfai ƙasar Kurfayawa ce, waɗanda ake kuma kira Sudiye, masu magana da Hausa a arewacin Dallol Boso, tsakanin Zabarmawa da Abzinawa. Filinge, babban garinta, na da nisan kilomita kusan 180 daga Yamai. Da Turawa suka zo sai suka haɗa ƙasar ƙarƙashin kanto ɗaya, suka tsayar da Gado Namalaya na gidan Mayaƙi a kai, aka ɗora wa sarautar karɓar lanho da tara mutanen aikin tilas.

Wajen 1925, a Shikal, wasu sabbin iskoki suka bayyana a wasan bori. Wadda suka fara hawa, a yadda masana tarihi suka rubuta, ita ce Shibo ƴar Ganji. Iskokin ba irin waɗanda aka saba ba ne: hafsoshi ne da gwamnoni da sojoji, cikinsu har da wanda ake kira Gwamnan Maliya. Wanda suka hau yakan yi fareti, ya sara, ya ba da oda da wani abu mai kama da Faransanci, ya taɓa wuta ba ta ƙone shi ba. Ana ce musu Babule, ana kuma ce musu Hauka. Da abin ya tsaya a rawa da kiɗa, da bariki ba ta damu ba. Amma matasa maza da mata suka yi ta shiga, suka ƙi lanho, suka ƙi aikin tilas, suka ƙi bin sarkin kanto, wasu ma suka fita daji suka kafa nasu zama da nasu muƙamai, kwafin na Turawa. Ɗan tarihi Finn Fuglestad, a wani nazari da ya buga a 1975, ya karanta wannan a matsayin tawayen talakawa ga mulkin mallaka da sarautar da ya kafa.

Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kai su Yamai aka tsare, aka wulaƙanta su don su ce iskokin ƙarya ne. Abin da ya samu shi ne shiga cikin jerin iskokin da kansa, da sunan Kumandan Mugu. Daga baya aka kori Shibo da wasu jagororin daga ƙasar. Harkar ba ta mutu ba: ta shiga Arewa da Adar, ta bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa "Les Maîtres fous" a Akara, wanda ya fito a 1955. Ɗaliban nazarin al'umma a jami'o'in Turai da Amurka sun san Hauka ta wannan fim. Kaɗan ne cikinsu suka san daga wani ƙauyen Kurfai abin ya taso, kuma mace ce a gaba.

Me ya sa Mangu ta zama ta ƙasa baki ɗaya, Shibo ta tsaya a littattafan masana? Na farko, Mangu ta samu marubuci da mai fim. Na biyu, abokin gabarta baƙo ne tsantsa, mai kisan da Faransa kanta ta ji kunyarsa, don haka yabonta bai taɓa kowa a gida ba. Shibo kuwa da Bature ta ja, ta kuma ja da sarautar garinsu, gidan da har yau yake da daraja a Filinge, wanda ya ba ƙasa manyan ma'aikata irin su Adamou Mayaki da ɗansa Ibrahim Assane Mayaki, firaminista daga 1997 zuwa 2000. Na uku shi ne bori. A garin da kusan kowa Musulmi ne, ba ƙaramin abu ba ne a ce za a ɗaukaka ƴar bori, ko da abin da ake yabo shi ne ƙin zalunci ba iskokin ba. Wannan matsala ta shafi Mangu ma, sai dai fim ya lulluɓe ta da kwari da baka.

Wasu ƙasashen sun ci karo da irin wannan, kuma ba su fasa ba. Aline Sitoé Diatta ta Kasamans, a kudancin Senegal, ita ma da sunan wahayi ta hana mutanenta ba Faransawa shinkafa. Aka kama ta a 1943 aka kai ta Tumbutu, ta rasu can a 1944. Yau sunanta na kan jirgin ruwan da ke jigila tsakanin Dakar da Ziginshor, da filin wasan Ziginshor, da masaukin ɗalibai mata na jami'ar Dakar. A Zimbabuwe, Mbuya Nehanda, mai iskoki da Ingilishi suka rataye a 1898, an buɗe mutum-mutuminta a tsakiyar Harare ranar 25 ga Mayun 2021. Sai da aka sake sassaƙa shi, domin na farko ya fito da ita yarinya mai ƙiba, jama'a suka ce ba ita ba ce. Su suna da hotonta da aka ɗauka kafin a kashe ta.

Mutum-mutumi, ko wani abu dabam

A bakin teku, mutum-mutumi ne abin yayi. A Kwatano, shugaba Patrice Talon ya buɗe na Amazon ranar 30 ga Yulin 2022, tsayinsa mita 30, don tunawa da mayaƙa mata na daular Dahome. Wani ɗan Sin ne ya ƙera shi. A Ile-Ife an tsayar da na Moremi a 2016, mita kusan 13. Na Sarauniya Amina ta Zazzau, da takobi a hannu, yana harabar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas, nesa da Zariya.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Mafi yawan malamai suna haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai, kuma talaka na kiran irin wannan abu gunki kai tsaye. Ko Senegal, da ta fi mu sabawa da su, ta sha rigima lokacin da Abdoulaye Wade ya buɗe katafaren mutum-mutumin farfaɗowar Afirka a Dakar a 2010: limamai suka yi wa'azi a kansa, wasu suka yi ƙorafin shigar macen da ke jiki, wasu kuma kuɗin, dala miliyan 27, da aka ba wani kamfanin Koriya ta Arewa aikin. Wanda zai kafa surar mace a tsakiyar kasuwar Filinge ya san da wa zai fara gamuwa ranar Juma'a.

Ga ra'ayina, ba a ma bukatar kai wa nan, domin Hausawa suna da nasu hanyoyin tun kafin a san siminti. A wurare da dama na ƙasar Hausa ana kiran tsofaffin ganuwoyi "ganuwar Amina", kuma sunan ya yi ƙarnoni bai goge ba. Rijiyar Kusugu a Daura ita ce abin tunawa da zamanin Daurama da sarautar mata, an gine ta an kewaye, baƙi na zuwa su sha ruwanta. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis ke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Yau makarantun ƴan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu yawa a arewacin Najeriya na ɗauke da sunanta, kuma babu malamin da ya taɓa cewa uffan. A Zariya akwai babban asibiti mai sunan Hajiya Gambo Sawaba, ƴar jam'iyyar NEPU da aka ɗaure sau da dama saboda neman wa matan arewa ƴancin zaɓe. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, tana bayan takardar naira 20. Ƙofar gari, rijiya, lakwal, gidan haihuwa, kasuwa, allon dutse mai rubutu: kowanne na iya riƙe suna, kuma mafi yawansu suna da amfanin da ake gani kullum.

Amma suna kaɗai ma yana da rauninsa. Yara nawa ne ke wucewa ta gaban makaranta mai sunan wata, ba su san ko wace ce ba? Abin da ke raba abin tunawa da allon adireshi shi ne bayani: shekara, wuri, abin da ta yi, a harshen da mutanen wurin ke karantawa. A Kurfai wannan na nufin Hausa, da boko da ajami, kafin Faransanci.

Matan da aka sani da fuska

Ba sai an koma 1899 ba. Ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai zuwa ofishin firaminista, saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Sai da aka ƙara musu kujeru, kuma daga nan ne 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da 25 na naɗi. A 2019 aka kai su 25 da 30. Akwai Aïssata Moumouni, mace ta farko da ta shiga gwamnati, zamanin Ali Saibou. Akwai Mariama Keïta, ƴar jarida mace ta farko a ƙasar, da ta rasu a 2018. Akwai Salifou Fatimata Bazeye, shugabar kotun tsarin mulki da ta ce a'a ga tazarcen 2009, har aka rusa kotun. Waɗannan an san fuskokinsu, an san ranakun ayyukansu, babu gardamar bori a kansu. Gardamarsu ta siyasa ce, shi ya sa ƙasashe da dama ba sa sa sunan mai rai a titi, sukan jira ƙura ta lafa.

Wa ke yanke shawara

Sa wa titi ko dandali suna aikin hukumar gari ne. A da majalisar da aka zaɓa ke tattaunawa ta amince; tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da garuruwa. Makaranta ko gidan likita na gwamnati kuwa sai da yardar ma'aikatar da ke kula da shi. Kare wurin tarihi yana ƙarƙashin dokar 1997 kan kayan gadon al'adu, a hannun ma'aikatar al'adu. A ƙauye, duk takardar da aka sa wa hannu, ba a aza tubali sai sarki da liman sun ce to.

Lugu ta riga ta taka mataki ɗaya: tun 2006 Nijar ta sa ta cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Jerin jira ne, ba amincewa ba. Waɗanda suka samu shiga daga Nijar su ne Ayar da Tenere, gandun dajin W, da tsohon garin Agadas a 2013. Ƙauyen da kansa ya yi fama da ƙaura da ƙarancin ruwa, kuma ƙungiyar Tarbiyya Tatali, ta ƴan Nijar da Faransawa, ta yi shekaru tana aikin lakwal da rijiyoyi a yankin Dankasari.

A Kurfai, matsalar tsaro da ta addabi jihar Tillaberi ta sa maganar gini ba ita ce a gaban mutane ba. Akwai ƙauyukan da lakwal ɗinsu ke rufe. Aikin da ba ya bukatar siminti shi ne ɗaukar magana. Yamai na da cibiyoyi biyu da aka kafa don wannan: IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO ta Tarayyar Afirka, masu ajiyar tarihin baka. Kusan duk abin da aka buga kan Shibo ya fito ne daga rahotannin kumandojin da suka kama ta da kuma binciken baƙi, da Faransanci ko Ingilishi. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ƙare. Ƴaƴansu, da suka ji daga bakin iyaye a Shikal da Filinge da ƙauyukan kewaye, wanda aka haifa cikinsu a 1935 ya cika shekara 90 a 2025.